Ranar da Na Zagi Ƙuduji

Jikana ne ya tayar mini da wannan tsohon zance. Ya dawo daga makaranta ya zauna a zaure yana ta karanto sassan tsiro da Turanci, ido a rufe, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Na bar shi ya kai ƙarshe, sannan na miƙa hannu na tuge wata ciyawa a gindin katanga, na ce ya nuna mini wanne ne wanne a cikin abin da ya gama jerowa. Yaro ya dubi ciyawa, ya dube ni, ya ce ai wannan ba ta cikin abin da za a tambaya a jarrabawa. Ban yi masa faɗa ba, don ba laifinsa ba ne, amma raina ya ɓaci har na kasa cin tuwon dare. Na san amsar da za a ba ni in na kai kuka wurin malamansu. Za a ce zamani ya sake, daji ba ya shiguwa yanzu, babu malamin da zai kwashi 'ya'yan mutane ya fita da su bayan gari. Na ji, kuma gaskiya ne, mu da muke zaune a nan mun fi kowa sani. Amma ciyawar nan a gindin katangar gidana na tuge ta, ba a dajin Faskari ba.

Mu 'yan zamanin kuɗin mai ne. A ƙauyenmu, can gefen Pauwa, abin da muka fara gani na wannan arziki shi ne manyan motoci suna rangaji a kan hanyar da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya bi ta, sun ɗauko siminti da kwanon rufi. Sai rediyo ta yawaita a majalisa, sai samari suka fara ɗaura agogo ko da ba su iya duba shi ba. Daga nan aka ce gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, mai gari ya bi gida-gida da kansa. Har yau ina jin safiyar wancan lokaci a kunnena: luguden mata tun da duku-duku, kukan jakin maƙwabcinmu wanda ba ya saɓa lokaci, tsintsiyar Inna a tsakar gida, sannan can daga nesa ƙarar wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin darbejiya, shi ne ƙararrawarmu. Kafin a buga shi sai na share garke, na ɗebo ruwa, na kora awaki na ɗaure su inda za su samu ciyawa. Kakata takan ce yaron da rana ta riga shi tashi, ranar nan ba tasa ba ce. Yaran yanzu sai an yi ta tashinsu ana lallashi kamar masu jego.

An gina azuzuwa cikin gaggawa, suna ta warin sabon siminti, amma malamai ba su isa ba. Don haka Hedimasta da kansa yake koya mana kimiyya. Dattijo ne mai tsafta, rigarsa kullum a goge, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana son mu ci jarrabawa. Sai dai hanya ɗaya tak ya sani. Ya rubuta a allo, ya faɗa, mu amsa gaba ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka. In an gama wannan sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tsumagiya a hannu, kowa ya tashi ya maimaita shi kaɗai. A nan nawa tashin hankalin yake, don ni da in'ina aka haife ni. In ana amsawa tare, bakina garau, ba wanda ya fi ni. Da zarar an nuna ni ni kaɗai, sai kalma ta zo ta tokare mini a maƙogwaro, haƙora su haɗu, ido ya firfito, aji ya fashe da dariya. Hedimasta ya ɗan jira, ya ce, "To, mun gode," sai tsumagiya. Na san amsar sarai. Kaina cike yake, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. A haka aka liƙa mini suna Bebe, har ƙananan yara suna kirana da shi a bakin rijiya.

Baba mutum ne mara yawan magana, manomin dawa da gero, kuma yana jin kunyar a yi dariyar abin da yake nasa. Da labari ya ishe shi, sai ya yanke hukunci a gaban Inna: in har aka kai dawa rumbu ban buɗe baki a makaranta ba, zai tura ni wurin kawuna mai shanu a wajen Sabuwa. "Saniya ba ta tambaya," in ji shi, "balle ta yi maka dariya." Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, tausayi ne. Amma ni ina son makarantar nan kamar raina, da dukanta da dariyarta duka. A can ne kaɗai ake faɗin dalilin abubuwa, ni kuwa tun ina ƙarami dalili nake nema.

Damina ta ja baya, dawa ta fara ɗaukar ciki, sai aka kawo mana sabon malami. Saurayi ne daga wajen Daudawa, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, a kan sabon keke mai ƙararrawa. Don ƙuruciyarsa muka sa masa Malam Ƙarami. Ranar da ya fara shiga ajinmu bai taɓa alli ba. Ya zauna a bakin tebur yana kallonmu, ya ce, "Gobe kowa shi zo mani da abin da ya hi ba shi haushi a duniya, in dai zai ɗauku a hannu." Muka dubi juna. Wani ya tambaya ko zai iya kawo ƙanensa, aka yi dariya, Malam ma ya dara. Mu ba mu taɓa jin malami ya yi dariya a cikin aji ba.

Washegari ajin nan ya koma kamar kasuwar Kankara. Wani ya kawo kaska a cikin kwalba, wadda ta ramar masa da ɗan maraƙi. Wata yarinya ta kawo ƙarangiya cike da gefen zane. Akwai mai gara, akwai mai kunama a gwangwani, akwai wanda ya kawo wake duk ƙwari sun huda shi. Ni kuwa ƙuduji na kawo, dami guda, da furensa jaja-jaja mai ɗaukar ido. Wanda bai yi noma ba zai ce furen ado ne. Mu mun san shi. Duk gonar da ya sauka, dawa sai ta tsaya cak, ta yi rawaya, ta ƙone a tsaye kamar an bi ta da wuta. Shekarar nan ya cinye mana rabin gona. Na ga Baba ya tsaya a tsakiyarta, hannu a bayansa, har rana ta yi zafi. Na ga Inna tana rage hatsin da take aunowa tun ba a yi girbi ba. Ba ni da bakin da zan faɗi abin da na ji a lokacin, amma yana nan a ƙirjina kamar garwashi.

Malam Ƙarami ya ɗaga damin nan ya juya shi, ya ce, "Rabin ɓarawon ka kawo. Ina sauran?" Ya kwashe mu duka zuwa wata gona a bayan makaranta, da fartanya da ƙwaryar ruwa. Ya ce kada a tuge, a haƙa a hankali, a ɗago dawar da ƙudujin tare da ƙasarsu. Ni ya miƙa wa ƙwaryar ya ce in wanke saiwar. Ina wankewa ƙasa tana zuba, sai ga abin ya bayyana: saiwar ƙuduji ta kafa kai a jikin saiwar dawa ta manne, kamar yadda kaska take manne wa kunnen saniya. Shekara da shekaru muna cewa ƙuduji yana ƙona gona, ashe tsotse ta yake yi ta ƙarƙashin ƙasa. Malam ya murza busasshen furen a tafin hannuna, wani baƙin gari ya zubo mai laushi kamar kwalli, ya ce wannan duk iri ne. Ya ce yana iya kwanciya a ƙasa shekaru yana jira, ba zai farka ba sai ya ji saiwar hatsi kusa da shi, kuma kafin ya leƙo waje ya riga ya gama ɓarna. Ya ce a wajensu Daudawa masu auduga sun lura gonar da aka huta da hatsi aka sa mata auduga ko gyaɗa, ƙudujinta yana raguwa. Sai na tuna yadda muke yi a gidanmu, da kowane gida: mu bari sai ya yi fure ya fito fili, mu tuge, mu watsa a gefen gona ya bushe. Ashe da hannunmu muke shuka shi.

Da muka koma aji, kowa ya tashi ya yi bayanin abin haushinsa. Mai kaska ya zana ta a allo har da ƙafafunta. Mai ƙarangiya ta nuna mana 'yan ƙugiyoyin da take kama zane da su, ta ce ashe hawa take nema kyauta zuwa wata gonar. Aka zo kaina. Na tashi, na buɗe baki, harafin farko ya tokare. Aji ya fara ƙunshe dariya. Na sunkuyar da kai ina jiran "mun gode." Malam Ƙarami bai ce haka ba. Ya ɗauko saiwar nan ya aza a kan tebur a gabana, ya ce, "Rabu da su. Ba su suka ci maku gona ba. Ga shi nan, shi za ka hwaɗa ma. Na ji ka shekaranjiya bayan awaki kana rera abinka, ko sau ɗaya ba ka tsaya ba. Zage shi."

Ban san an taɓa jina ba. Gaskiya ne, in ina rerawa in'ina ba ta kama ni, amma a wurina wannan sirri ne tsakanina da awaki. Na dubi saiwar nan, na tuna Baba tsaye a gona, sai garwashin nan ya taso. Abin da ya fito ke nan, kuma har gobe ban manta ko kalma ɗaya ba:

Ƙuduji ɓarawo, mai jar hula,
Ba ka huɗa, ba ka maimai, kai ka fi kowa ci.
Ka kwanta a ƙasa kana barcin ƙarya,
Sai ka ji saiwar dawa ka miƙe.
Ka kafa baki ka sha tun ba a gan ka ba,
Ran da ka leƙo, ka riga ka gama da gida.
Baɗi kafin ka yi fure zan tuge ka,
Wuta zan kai ka, ba gefen gona ba.

Sai wani ya fara buga benci a hankali, sai aka ɗauki amshi, "mai jar hula, mai jar hula." Na maimaita, na ƙara wasu baitoci a kan auduga da gyaɗa. Da na zauna hawaye na zuba, kuma ban ji kunyar kowa ba. Malam ya ce, "Duk abin da na koyar yau yana cikin wanga zagi. Wa zai maimaita mani?" Hannu ya tashi ko'ina, har na waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba.

To, a ƙasarmu magana ba ta kwana a inda aka yi ta. Kafin kwana biyu yara suna rera abin a bakin rijiya, mata sun ɗauke shi a wurin daka. Hedimasta ya ce an mayar masa da makaranta gidan biki, kuma ba a rera amsa a takardar jarrabawa. Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne Baba. A wancan zamani, ɗan manomi ya tsaya gaban jama'a yana waƙa, abin kunya ne babba, sana'ar maroƙa ce, kuma kowa da gidan da ya gada. Wani a majalisa ya tsokane shi, ya ce ashe boko kalangu zai saya wa ɗansa. Ranar kasuwar Kankara, maimakon ya wuce kasuwa, sai ga Baba a ƙofar ajinmu da sandarsa. Bai ma jira dawa ta shiga rumbu ba.

Aka fito da ni gindin darbejiya. Baba ya gaida Hedimasta, ya juya ga Malam Ƙarami. "Malam, karatu na kawo shi ko roƙo? Mu a zuriyarmu babu maroƙi."

"Baba, ba roƙo ba ne," in ji Malam Ƙarami, ya rusuna. "Yaron ga ya hi kowa gane karatun. Hanyar hitarsa ce daban."

Hedimasta ya ce abin ai mai sauƙi ne, a gwada. Ya dube ni ya ce in faɗi aikin saiwa a jikin tsiro, da baki, kamar kowane ɗalibi. Na sani. Wallahi na sani, da hannuna na wanke ta. Na buɗe baki, ga idon Baba a kaina, ga yara sun cika taga, sai ƙofar nan ta rufe ruf. Na yi ta kokawa da harafi ɗaya har jijiyar wuyana ta tashi. Hedimasta ya buɗe hannuwa. Baba ya kau da kai, ya ce, "Ɗauko allonka mu tahi."

A nan ne wani taurin kai ya zo mini wanda ban san ina da shi ba, kuma bai bar ni ba har yau. Na ce a raina, in dai tafiya ce, ba zan bar wurin nan da sunan Bebe ba. Na tsaya inda nake, na ɗaga kai, na rera. Na rera shi tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, a gaban Hedimasta, a gaban mahaifina da ya zo musamman don ya hana. Ba wanda ya yi amshi, yaran taga ma tsoro ya kama su. Ni kaɗai ne, da muryata, a tsakiyar filin makaranta. Da na gama, Baba ya daɗe yana kallona. Na jira mari, bai zo ba. Ya juya kawai ya kama hanya, na bi shi a baya. Ranar nan bai je kasuwa ba.

Kwanaki suka wuce ba na zuwa makaranta. Ina jin ƙarfen nan yana kira da safe, ni kuwa ina bin Baba gona. Inna ta fara haɗa mini 'yan tsummokarana na tafiya Sabuwa, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Sai wata safiya muna tugar ƙuduji a gonar nan da ya cinye, na ɗebi nawa zan kai gefe kamar kullum, don ban isa in sake wa mahaifina tsarin aiki ba. Sai na ji ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ba can ba. Tara shi nan tsakiya." Muka tara shi tsibi guda. Ya ciro ashana daga aljihu ya ƙyasta. Muka tsaya muna kallon hayaƙi, shi hannu a baya kamar yadda ya saba.

"Mi ka ce yana yi a ƙasa kahin shi hito?" ya tambaya.

Na fara ƙoƙarin faɗa, harafi ya tokare. Ya ɗaga hannu.

"A'a. Yadda ka yi ran nan."

Na rera masa, a hankali, mu biyu a gona. Da na kai ƙarshe sai na ga yana goge fuska da hular kansa, ya ce hayaƙi ne. Can ya ce, "Tun da aka haihe ka ban taɓa jin ka yi magana mai tsawo haka ba. Ashe haka muryarka take." "Gobe ka koma makarantarka. Amma ka ji ni da kyau: ran da na ji ka wasa wani mutum, ko sarki ne, ka bar mani gida. Ƙuduji kaɗai na yarje maka."

Malam Ƙarami bai shekara biyu da mu ba, aka mayar da shi wani ƙauye can wajen Faskari. An ce rahoto aka kai cewa yana yawo da yara a gonaki maimakon koyarwa. Ban sake ganinsa ba. Masu cewa ɓata lokaci ya yi, har yau akwai irinsu, kuma har yau ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba ko za a taru a kaina. Abin da aka dasa mana da tsumagiya ya zube tun kafin mu yi gemu. Amma ka je ƙauyenmu ka samu duk wani tsoho ko tsohuwa da muka zauna aji ɗaya, ka tambaye shi yadda kaska take shan jini ko yadda ƙarangiya take tafiya, zai ba ka amsa yana dariya. Mutumin nan ya gane cewa yaro ba tulu ba ne da za a yi ta ɗura wa ruwa. Yana da haushi, yana da tsoro, yana da abin da yake ƙauna, kuma ta nan karatu yake shiga ya zauna. In'inata ba ta warke ba, har yanzu takan kama ni in raina ya ɓaci. Sai dai daga ranar nan na daina jin tsoronta, na gama makaranta, na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, ina tsayawa gaban manoma ina magana, in ta tokare in jira ta ta wuce.

Baba ya tsufa ƙwarai kafin ya rasu, har idonsa ya daina gani. In na je gaishe shi nakan tarar da shi a zaure a kan buzu, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Har ya bar duniya bai taɓa kiran abin nan waƙa ba, don shi a zuriyarsa babu maroƙi. Sai dai in hira ta lafa, ya laluba ya kamo hannuna, ya ce, "Zo ka zagar mani ɓarawon nan."